Kwana ɗaya a Dresden kan sawun Augustus Mai Ƙarfi: abin da kuɗinmu ya saya mana

Kawuna ya zo Leipzig, a Jamus, a duba masa ido, likita kuma ya ba shi kwana takwas kafin ya koma. Kwana uku kawai ya yi a ɗakina ya fara ƙorafin zaman banza. Tsohon malamin tarihi ne a sakandare, don haka na shiga intanet na yanka mana tikitin yawon kwana ɗaya a Dresden wurin wani ƙaramin kamfani da ba zan ambaci sunansa ba. Abin da suka yi alkawari shi ne ɗan rakiya mai jin Turanci, tikitin shiga fada da gidan tangaran, abincin rana, sai mota zuwa Moritzburg da dawowa. Duk yawon an gina shi ne a kan mutum guda, Friedrich August na ɗaya, mai mulkin Saksoni, yankin da Dresden ke ciki, wanda duniya ta fi sani da Augustus Mai Ƙarfi. Kuɗin mu biyu ya kai cefanena na sati biyu, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Sun ce ƙarfe tara, ba a tashi ba sai tara da rabi saura kaɗan, muna tsaye cikin sanyin Oktoba mu goma sha wani abu. Ɗan rakiyar ya iso da fara'a, bai ba da haƙuri ba, ya kai mu kai tsaye bangon da ake kira Fürstenzug. Nan ne na yafe masa lattin. Bango ne mai tsawon mita 102, an lulluɓe shi da tayil na tangaran kusan 23,000, an zana masu mulki 35 na gidan Wettin, gidan sarautar Saksoni, a kan dawakai, sahu guda, tun daga Konrad na ƙarni na 12 har zuwa Georg wanda ya rasu a 1904. Kawu ya gyara tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunaye da laƙabai a ƙasan kowanne: wannan Mai Arziki, wancan Mai Faɗa, wani Mai Hikima. Ya juyo ya ce min, "Kai ɗana, ai wannan hawan daba ne aka manna a bango." Ruwan bama-baman Fabrairun 1945 ya ƙone tsakiyar birnin, amma bangon ya tsira kusan gaba ɗaya, don tayil ɗin da ma a wuta aka gasa shi. Cikin duk mutanen da ke jikin zanen, mace ɗaya ce tak, wata ƙaramar yarinya can a ƙarshen sahu.

A gaban bangon ɗan rakiyar ya yi bayanin da ya fi kowanne amfani a ranar. A 1485 'yan'uwa biyu, Ernst da Albrecht, suka raba ƙasar gidan a Leipzig. Zuriyar Ernst ce ta riƙe kujerar masu zaɓen sarkin sarakunan Jamus, har zuwa 1547 lokacin da Moritz, jikan Albrecht, ya goyi bayan sarkin sarakuna a yaƙi da 'yan'uwansa, aka ba shi kujerar lada. Daga wannan reshe Augustus ya fito. Reshen da aka ƙwace wa kujera kuwa ya tarwatse zuwa ƙananan masarautu, ɗaya daga cikinsu ita ce Saxe-Coburg da Gotha, gidan Albert mijin Sarauniya Victoria. Ina fassara wa Kawu wannan sai ya riƙe min hannu. Ya ce ashe Edward na bakwai, wanda ke kan gadon Ingila lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ɗan wannan gidan ne ta wajen uba. Ɗan rakiyar bai san da haka ba, kuma ban ga laifinsa ba, amma ya saurara ya rubuta a wayarsa.

Daga nan ne labarin ya fara karkata. Da muka zo kan hoton Augustus, sai ɗan rakiyar ya sauya murya kamar mai tallan magani a kasuwa: ga sarkin da ke karya takalmin doki da hannu, ga sarkin da ya haifi 'ya'ya 354. Jama'a suka fashe da dariya, aka ɗaga wayoyi. Takalmin dokin gaskiya ne akwai shi, mun gan shi daga baya a ɗakin makamai, an ce a 1711 ya karya shi. Amma 354 ɗin tsegumin fada ne da ya samo asali daga rubutun wata gimbiyar Prussia. Abin da aka tabbatar shi ne ɗa guda na aure da takwas na waje waɗanda ya amsa nasa ne. Na ɗaga hannu na faɗi haka, ya yi murmushi ya ce baƙi sun fi son babbar lambar. Wannan amsa ta ɓata min rai fiye da lattin safe. Kuɗi na biya a ba ni tarihi.

Kuma tarihin gaskiyar ya fi tatsuniyar daɗin ji. An haifi Augustus a 1670, ƙane ne, ba a sa ran zai yi sarauta ba. Yayansa Johann Georg na huɗu ya ɗauki agana wurin jinyar dadironsa, ya bi ta a 1694 ba tare da magaji ba, sarauta ta faɗo wa ƙane yana ɗan shekara 23. Shekara biyu bayan haka sarkin Poland Jan Sobieski ya rasu, kuma a Poland manyan ƙasa ne ke zaɓen sarki. Sharaɗi shi ne ya zama ɗan Katolika. Augustus, shugaban ƙasar da Martin Luther ya fara wa'azinsa na Furotesta, ya sauya ɗarika a 1697, ya sayar da wasu haƙƙoƙin gidansu irin na Quedlinburg, ya ci bashi, ya zuba wa masu zaɓe kuɗi. Abokin takararsa, Yarima Conti na Faransa, bai iso da wuri ba, shi kuwa ya shiga da sojoji aka naɗa shi a Krakow. Talakawansa na Saksoni sai da ya ba su takarda cewa ba za a taɓa musu addini ba. Matarsa Christiane Eberhardine ta ƙi sauyawa, ta ƙi taka ƙasar Poland ko sau ɗaya har ta rasu a 1727, mutane suka yi mata laƙabi da ginshiƙin addu'ar Saksoni. Ita ɗan rakiyarmu jimla ɗaya ya ba ta.

Rawanin da ya sha wa wannan wahala ma bai zauna masa lafiya ba. Ya haɗa kai da Rasha da Denmark suka takali Suwidin a 1700, sarkin Suwidin Charles na 12 ya fatattake shi, ya bi shi har cikin Saksoni, ya tilasta masa sauka daga gadon Poland a yarjejeniyar Altranstädt ta 1706. Sai da Rasha ta karya Charles a Poltava a 1709 sannan ya koma, kuma daga ranar yana ƙarƙashin inuwar Rasha. Duk wannan a cikin na'urar bayani ta kunne na ji shi dalla-dalla, wadda ake bayarwa a cikin fada, ba daga bakin mutumin da muka biya ba.

Inda kamfanin ya ci kuɗinsa shi ne tikiti. Tsohuwar taskar fada, Grünes Gewölbe, wadda Augustus ya shirya daga 1723 don a riƙa shiga kallo, da lokaci ake shigarta, kuma tikitin kan ƙare. Su sun riga sun kama mana gurbi. Ana ajiye jaka da rigar sanyi a akwati, a bi ta wata ƙofa mai rufi biyu mutum biyu-biyu, ba ɗaukar hoto. A ciki yawancin kaya ba a bayan gilashi suke ba, suna jere ne a kan 'yan kantoci jikin madubi, ɗakin hauren giwa daban, na azurfa daban, har a kai ɗakin lu'ulu'u, wanda ɓarayi suka fasa ranar 25 ga Nuwamban 2019. Ƙyallin ya dami idon Kawu, ya nemi wurin zama. Mai ciwon ido ya taho da baƙin tabarau.

A bene na sama, a sabon sashen taskar, akwai abin da ni dai shi kaɗai ya isa a yi tafiyar dominsa. Maƙerin zinariyar fada, Johann Melchior Dinglinger, da 'yan'uwansa sun shafe daga 1701 zuwa 1708 suna ƙera fadar Aurangzeb, sarkin Indiya, ta Delhi a ranar bikin haihuwarsa, a kan faɗin da bai wuce tebur ba. Mutum-mutumi 132, kowanne bai fi yatsa ba, da giwaye da raƙuma da masu kawo gaisuwa, da sikelin da ake auna sarki, an zuba musu lu'ulu'u kusan 5,000. Dinglinger bai taɓa zuwa Indiya ba, daga littattafan matafiya ya haɗa komai. Na tsaya na duba wani ɗan fadawa mai riƙe da laima, har naɗin rawaninsa ana gani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne shekarun: ana wannan aiki ne daidai lokacin da sojojin Suwidin ke zaune a Saksoni suna karɓar haraji, sarkin ya rasa gadonsa, amma ya saye shi a kan kusan tala 60,000, kuɗinsu na lokacin. Minti biyar ɗan rakiya ya ba mu a nan. Na yi kunnen ƙashi na ƙara goma.

Kawu kuma nasa wurin shi ne ɗakin kayan Turkawa. Akwai wani tanti na Usmaniyya mai tsawon mita 20 da ake ratsawa ta ƙarƙashinsa, da dawakan itace da aka yi wa cikakken ado. Nan ya manta da ciwon ido. Ya riƙa nuna min sirdi da likkafa da linzami da sulke yana kiran sunayensu, yana cewa wannan likkafar mai faɗi irin tamu ce sak. Na ce, "Kawu, ku bi a hankali, an hana matsawa kusa." Ya ce shi da ido yake taɓawa. Mahaifin Augustus, Johann Georg na uku, yana cikin waɗanda suka kori Turkawa daga Vienna a 1683, amma yawancin kayan ɗakin kyauta ne da saye, don fadar ta kamu da son adon mutanen da take yaƙa. Cikin matan Augustus na waje ma akwai Fatima, wadda aka kamo a Buda a 1686, ita ce uwar Rutowski da ya zama babban hafsan Saksoni.

Abincin rana kuwa kada ma a yi maganarsa. Na rubuta musu tun wurin biya cewa ba ma cin alade, aka kawo tsiran alade da dankali. Burodi da shayi muka sha. Babu kuma wani sarari da aka bari a jadawalin da mutum zai keɓe ya yi azahar, sai a Moritzburg muka haɗa da la'asar a gefen tafki.

Bayan abinci aka shiga Zwinger, ginin da Pöppelmann ya tsara, inda aka yi shagalin auren ɗansa da Maria Josepha, 'yar sarkin sarakuna, a 1719. A gidan tangaran na ciki ɗan rakiyar ya farfaɗo, don a nan ya san aikinsa. Ya ba da labarin Böttger, saurayin da ya yi cika bakin zai iya ƙera zinariya, Augustus ya tsare shi ya ce to bismilla. Zinariya ba ta samu ba, amma shi da masani Tschirnhaus suka gano sirrin farin tangaran irin na Sin a 1708, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Sannan ya tsayar da mu gaban wasu dogayen tuluna masu shuɗin zane, kowanne ya kai min ƙugu ko fiye. A 1717 Augustus ya ba sarkin Prussia sojojin doki 600, ya karɓi tangaran 151. Kawu ya sa na maimaita masa lambobin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutum huɗu a kan kwano ɗaya ke nan." Babu wanda ya yi dariya a nan.

Moritzburg asara ce a tsarin wannan kamfani. Gidan farauta ne a tsakiyar tafki, bai fi tafiyar rabin awa daga gari ba, da bangaye da aka lulluɓe da fata mai ruwan zinariya da ɗakin da aka yi wa ado da gashin tsuntsu. Amma mun isa a makare saboda lattin safe, aka ba mu minti arba'in, har da salla a ciki. Da sun cire shi sun bar mu a cocin fada, inda zuciyar Augustus take ajiye cikin batta, gangar jikinsa kuwa tana Krakow, bayan ciwon sukari ya kashe shi a Warsaw a 1733. Ta ƙofar cocin kawai muka wuce.

Wanda bai jin Jamusanci kuma yana tsoron rasa tikitin taska, kamfani irin wannan zai rage masa wahala. Wanda zai iya yankan tikitinsa da kansa tun da wuri, ya yi haka, ya karɓi na'urar kunne, ya ba fada safiya guda, Zwinger yamma guda. Uku cikin biyar na ba su, kuma biyu daga ciki na tikiti ne da labarin tangaran.

A jirgin ƙasa muna komawa Kawu ya tambaye ni matar nan da aka ambata a gurguje, mai gidan da ke jikin fada. Anna Constantia ce, wadda ake kira Cosel. Ta yi shekaru ita ce ta gaban goshi, ta sa Augustus ya rubuta mata alkawarin aure, ta fara sa baki a siyasa. Da ya juya mata baya aka kai ta ganuwar Stolpen a 1716. Shi ya mutu, ɗansa ya hau ya yi shekara 30 ya mutu, tana nan a tsare, har ta cika a 1765, shekara 49 ke nan. Kawu ya ce a duba masa ko akwai motar da ke zuwa Stolpen ranar Laraba, tunda sai Alhamis zai ga likita.