Sawun taurari: buɗe kyamara sau ɗaya, ko tara gajerun hotuna?

Ɗan'uwanmu na Jidda ya tambaya cewa ya sayi kyamara da mariƙinta mai ƙafa uku, yana son hoton nan da taurari ke zana da'ira a sama. Shin ya bar kyamarar a buɗe awa guda cur, ko ya ɗauki gajerun hotuna da yawa ya haɗe su a kwamfuta? Malam, duka biyun suna kaiwa, amma a nan Saudiyya, ƙasa mai zafi, ni na biyun nake ba ka shawara. Ga dalilina.

Abin da ke zana layukan ɗaya ne a hanyoyin biyu. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka awa guda za ta ba ka baka mai digiri 15, awa biyu ta ba ka 30. Tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira al-Jadyu, shi ne tsakiyar da'irar, kuma tsayinsa a sama daidai yake da nisan wurin da kake, a ma'aunin digiri, daga layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A Jidda yana wajen digiri 21 da rabi, a Al'ula ya kusa 27, a Kano kuwa 12 ne kawai, shi ya sa a gida gini ko ƙura kan rufe shi. A nan mun ci riba.

Ɗauka ɗaya doguwa ba ta da wahalar bayani. Ka juya kyamara zuwa harafin B, wanda ke barin ta a buɗe har sai ka rufe, ka sa ISO, wato ma'aunin saurin kama haske, a 100 ko 200, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/4 ko f/5.6, ka danna rimot ka kulle, ka koma ka sha shayinka. Layukan kan fito sumul ba yankewa, ba ka kuma buƙatar kwamfuta. Matsalar ita ce sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara, tana ɗumi idan ta daɗe tana aiki, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige ja da shuɗi. A daren bazara a Hijaz, da iska kanta ke ƙona fuska bayan Isha, abin ya fi muni. Kyamara na da tsarin share ɗige-ɗigen, amma sai ta sake kwashe lokaci daidai da na ɗaukar: awa guda ta zama biyu, kuma in batir ya mutu a tsakiya kana iya rasa komai. Ga kuma hasken gari. Ko ka yi nisa da Jidda da Makka, sama na jan haskensu a hankali har ta koma ruwan goro ta haɗiye ƙananan taurari.

Babban haɗarin ma mutane ne. Ka san yadda ake fita kashta, wato shan iska a sahara, a nan lokacin sanyi. Mota ɗaya ta ɓullo daga bayan tudu ta watsa fitila a kan dutsen da ka saita, daƙiƙa uku kacal, aikin awa guda ya tafi. Kamar ka sa ƙwanka duka a kwando ɗaya ne ka ɗora a kan jaki.

Tara gajeru kuwa, kowane hoto daƙiƙa 30, ƙofar haske a buɗe f/2.8, ISO tsakanin 800 da 1600, tazarar daƙiƙa ɗaya tsakanin hoto da hoto. A awa guda za ka samu kusan 120. Ka kashe tsarin share ɗige-ɗigen nan, in ba haka ba layukan za su fito a tsittsinke. Da ka dawo gida ka zuba su a StarStaX, manhaja ce ta kyauta, ta ɗauki wuri mafi haske daga kowane hoto ta haɗe. Hasken gari ba ya taruwa, domin na daƙiƙa 30 kawai ke shiga kowane hoto. Hoton da mota ta haska, ko wanda jirgin da ke sauka filin Sarki Abdul'aziz ya ratsa, shi kaɗai za ka gyara. Ka shafe wurin da baƙi, kar ka jefar da hoton gaba ɗaya, don zai bar giɓi a kowane layi. In batir ya ƙare, abin da ka ɗauka yana nan a kati. Kuma daga hotunan za ka iya haɗa ɗan bidiyon sama tana juyawa.

Aibinta: tana cin kati, tana son zama gaban kwamfuta, kuma in ka zuƙo hoton sosai za ka ga ƙananan tsagu a layuka, ko da yake manhajar na iya cike su.

Inda zan yarda da doguwar ɗauka shi ne wuri mai duhu na gaske a tsakiyar sanyi, irin Garamil a arewacin Al'ula, wanda ƙungiyar DarkSky mai kare duhun samaniya ta amince da duhun samansa a 2024. Ga mai tasowa daga Jidda, ramin Wahba da ke arewa maso gabas da Ɗa'if ya fi kusa, kuma in ka fuskanci arewa hasken biranen na bayanka. Ka guji bakin teku, raɓa za ta lulluɓe gilashin kyamara kafin rabin awa.

Ko wace hanya ka bi, duba kwanan watan Hijira: daga 27 zuwa 2 ga sabon wata sama ta fi duhu. Ka kashe saitin gani da kyamara ke yi da kanta (autofocus), ka zuƙo tauraro mai haske a allo, ka murɗa zoben saitin gani da ke jikin gilashin da hannu har ya zama ɗigo siriri, sannan ka manne shi da salatif. Fitilar hannunka ta zama ja, kuma kar ka canza gilashi in iska na ɗauke da yashi.