Lokantar bayan layi ko babban gidan abincin Sultanahmet? Amsa ga ƙanwarmu mai shirin zuwa Istanbul

Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu Allah ya ba ni zama. Kin ce wannan ne zuwanki na farko Istanbul sarin kaya, ke da Mama, masaukinku yana Laleli, kuma kwana takwas za ku yi. Kina so ki ji wanne ya fi: ƙananan gidajen abincin nan na bayan layi da iyali ɗaya ke riƙe da su, ko manyan nan na wajen Sultanahmet, unguwar masu yawon buɗe ido, da kike gani a Instagram. Damuwarki tsabta ce, da halal, da kuma Mama da ba kowane abinci take iya ci ba. Na ci a duka biyun ya fi a ƙirga, kuma ba zan ɓoye miki ba, ƙaramin nake so. Amma zan faɗi dalilina, in kuma faɗi inda babban ya fi shi.

Ƙaramin, sunansa a wajensu esnaf lokantası, wato gidan abincin masu sana'a. Ba don baƙi aka buɗe shi ba. Don tela aka buɗe shi, da mai shago, da ɗan dako, da direba, mutanen da suka bar gida tun safe suna son abincin gida da rana. Kina shiga za ki ga dogon kanta da gilas a gabansa, manyan tire-tire a jere suna tururi. Ba ruwanki da karatun takarda. Ki nuna da yatsa, a zuba miki. Yawanci uban ne a bayan kanta riƙe da ludayi, shi ake kira usta, ɗansa na kai faranti, wani ɗan uwan ko uwar gidan na zaune a bakin ƙofa wajen karɓar kuɗi.

Abin da ke cikin tiren nan shi ne dalilina na farko, musamman saboda Mama. Mu a gida mun ɗauka abincin Turkawa gasasshen nama ne da shawarma kawai. To, abin da su kansu ke ci kullum dafaffen abinci ne mai romo, wanda suke kira sulu yemek. Akwai kuru fasulye, farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu har ya yi luguf, ana cinsa da pilav, shinkafa dafaffiya da man shanu. Wake da shinkafa ne dai, sai dai kowanne a farantinsa. Akwai bamya, kuɓewa ce 'yar ƙanana da suke dafawa ɗungurungum ba tare da an yanka ba, a matsa mata lemon tsami don kada ta yi yauƙi. Idan Mama ta ganta za ta yi dariya, amma za ta ci. Akwai karnıyarık, wani dogon yalo baƙi da ake tsagawa a cusa masa niƙaƙƙen nama. Akwai tas kebabı, wanda duk da sunansa ba gashi ba ne, naman miya ne mai laushi da dankali. Sannan uwa uba mercimek çorbası, shorbar adas, irin wadda Mama ta sani in ta taɓa zuwa Saudiyya. Ana kawo ta da yankin lemon tsami, burodi kuwa yana nan cikin kwando a kan tebur, ki ci iya cinki. Tsohuwar da haƙori ya fara ba ta matsala, ko wadda gajiyar hanya ta tsinke wa ciki, ba ta da abin da ya fi wannan shorbar.

Ga wata kalma da za ta yi miki amfani: az, ma'anarta kaɗan. Idan kika ce "az kuru, az pilav", rabin faranti za a zuba miki na kowanne, kuɗin ma ya ragu. Da haka ke da Mama za ku ɗanɗana abu huɗu ko biyar ba tare da kun yi asarar abinci ba. A babban gida babu wannan, faranti guda ne, ko ki cinye ko ki bari.

Manyan na Sultanahmet kuwa, abin da suke sayarwa da gaske wurin zama ne. Ki hau saman bene, ga Masallacin Aya Sofiya a wannan hannu, ga Masallacin Sultan Ahmet mai hasumiya 6 a wancan, ga teku a can ƙasa, a kira sallar magariba kina zaune. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Na taɓa zama a irin wurin hawaye suka zubo min lokacin da ladanai suka ɗauka, wannan na amsa wa wancan. Akwai fili, kujeru masu laushi, takardar abinci da hotuna, masu hidima da ke jin Turanci, wasu har Larabci. Amma abincin, a yawancin waɗanda na shiga, an yi shi ne don mutumin da ba zai dawo ba gobe. Mai lokanta ya san telan da ya ci yau shi zai dawo gobe da jibi, in ya ba shi abincin jiya ya rasa shi har abada. Wanda ke tsaye a bakin titi yana kiran masu wucewa ba shi da wannan tsoron. Ni dai na riƙe wannan: duk gidan da ya ajiye mutum a ƙofa yana jan hannun jama'a, sai in ƙara sauri.

A maganar kuɗi tazarar ba kaɗan ba ce. Abin da za ku ci ku biyu a lokanta ku ƙoshi, har da shayi, ba lallai ya biya faranti ɗaya a saman bene ba. Farashi a Turkiyya ba ya zama wuri ɗaya, don a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 80 cikin ɗari, saboda haka kada ki dogara da abin da wata ta biya bara. Ki duba allon farashi kafin ki zauna. Tun farkon 2024 doka ta tilasta wa gidajen abinci su kafe shi a bakin ƙofa, su kuma ajiye a kan tebur. A babban gida ki kula da abu biyu. Za a iya zuwa da tire cike da ƙananan faranti, meze, kamar kyauta, alhali duk wanda kika taɓa yana cikin lissafi. Sai kifi, wanda wasu ke sayarwa da kilo. Ni kaina na taɓa cewa a kawo kifi a wani gida ban tambayi nauyinsa ba, da takardar ta zo kuɗin abincin kwana uku ne ya tafi a zama ɗaya, har da wani kuɗin zama da ake karɓa a lokacin, wanda suke kira kuver. Ki tambaya kafin a ɗora a wuta. In za ku tashi, ki ce "hesap". Kalmar hisabi ce da kika sani.

Batun halal, naman alade abu ne mai wuyar gani a gidan abinci a can, ki kwantar da hankalinki. Giya ce abin lura. Lokantar masu sana'a galibi ba ta sayar da ita, wasu ma suna rubuta içkisiz, wato babu giya. Da yawa daga cikin manyan na masu yawon buɗe ido suna sayarwa, kuma teburin da ke gefenku zai iya zama ana sha. Ki san wannan ma: akwai giyarsu rakı, wadda in an zuba mata ruwa takan koma fara sol kamar nono. Kada ki ga farin abu a kofin wani ki nuna ki ce irinsa kike so. Abin da kike nema sunansa ayran, kindirmo ne da aka dama da ruwa da gishiri. Kurɓin farko zai ba ki mamaki don bakinmu ya saba da sukari a nono, amma a kan wake da shinkafa ba shi da na biyu.

Tsabta kuma, wadda ita ta fi damunki, a lokanta idonki ne alƙali. Abincin yana gabanki, kina ganin tururinsa, kina ganin hannun mai zubawa. Ki je tsakanin sha biyu da biyu na rana, ki zaɓi wadda ta cika da mutanen unguwa. Tiren da ke ƙarewa ana sake cika shi ba ya samun lokacin lalacewa. A babban gida tebur na sheƙi, amma ɗakin girkin yana inda ba ki gani.

To, ina ƙaramin ya gaza? Lokaci ne na farko. Da safe ake girki, in la'asar ta yi masu daɗin sun ƙare, wasu tun kafin isha'i sun rufe, da yawa kuma ba sa buɗewa ranar Lahadi. Ranar da kika yi dare a Merter ko Osmanbey kina ciniki, ba za ki same su ba. Sannan wurin matsattse ne, da rana maza ne suka fi yawa, kuma kan sa a haɗa ki tebur da wanda ba ki sani ba. In Mama ba za ta sake ba, ki duba ko an rubuta aile salonu, wato ɗakin iyali, yawanci a sama yake. Ba wurin doguwar hira ba ne kuma, ana ci ne a tashi a ba wani kujera. Gasasshen nama ma ba aikinsu ba ne. In kwaɗayin tsire ya taso, kebapçı, wato gidan gasasshen nama, za ki nema, ki ce Adana in kina son mai yaji, Urfa in don Mama ce. Kuma ki sani, abin da suke kira yaji, a bakin Bahaushe ɗumi ne kawai.

Akwai abin da ba zan iya sa masa farashi ba. A wata tafiya na yi kwana biyar ina cin abincin rana a lokanta ɗaya a bayan masaukina. Rana ta uku sanyi ya kama ni, murya ta dushe. Ban ce komai ba, amma tsohuwar da ke zaune wajen kuɗi ta dube ni, ta yi wa ɗanta magana, sai ga shorbar kaza da lemon tsami da ban nema ba. Da na zo biya ta ɗora hannu a ƙirji ta ce "ikram". Ba na jin Turkanci, amma wannan na ji shi, don tushensa ɗaya da karamci. Haka in an ajiye miki abinci za a ce "afiyet olsun", kuma afiyet ɗin nan ita ce lafiyarmu. Ke kuma in kin gama ki ce wa usta "elinize sağlık", wato Allah ya ba hannunka lafiya, ki ga yadda fuskarsa za ta sake. Daga nan sai shayi a ɗan kofin gilas mai siririn ƙugu, wanda sau da yawa kyauta ne, sai a ɗiga miki turaren lemo a tafin hannu a bakin ƙofa.

Kada ki ɗauka kuma duk gidan da ya yi suna tarko ne. Akwai tsofaffin gidaje da suka girma ba su bar girkin gida ba. A kan titin da jirgin cikin gari ke bi a Sultanahmet akwai Tarihi Sultanahmet Köftecisi, tun 1920 zuri'a ɗaya ke gasa ƙwallon niƙaƙƙen nama a wurin, ana haɗa shi da kwaɗon farin wake. Ki duba shekarar a jikin allo, don akwai masu suna kusan iri ɗaya a layin. In kun hau jirgin ruwa daga Eminönü kuka tsallaka Üsküdar, akwai Kanaat, lokanta ce tun 1933, babba, da fili da Mama za ta zauna ta huta. Mafi kusa da ku kuma, daga Laleli da ƙafa ma ana zuwa, shi ne Masallacin Sulaimaniyya da shahararren magini Mimar Sinan ya kammala a 1557. Daura da ƙofarsa akwai jerin masu sayar da wake da shinkafa, tebura a waje. Ku yi azahar a ciki, ku fito ku zauna. Hawan tudu ne, don haka ki bi Mama a hankali.

Da ni ce ke, ranar farko zan zaga layukan bayan masauki da rana, in zaɓi lokanta ɗaya da ta cika, in riƙe ta har mu tafi, don a rana ta uku sun san ku, sun san Mama ba ta son tsami da yawa. Daren ƙarshe, bayan an gama ɗaure kaya an kai wa masu aikawa, sai in kai Mama saman bene ɗaya da ba a sayar da giya, kafin magariba, mu sha shayi mu ci künefe, wani kayan zaƙi mai cuku a ciki, da zafinsa. Kuma ki saka ɗan yajin ƙuli a jakar da za a auna, ki ɗaure shi da kyau. Ni har usta na taɓa ɗiba wa, washegari ya tambaye ni ko da saura.