Sharhi a Kan Na'urar Bin Sawu da Muka Ɗauka a Tafiyar Neman Tallafi ta Gaɓar Teku

Mu uku ne muka yi tafiyar, a cikin ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, irin mai tafiya da iska, wanda tsawonsa bai kai mita 8 ba, da nufin tara kuɗi domin wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke ceton waɗanda hatsari ya rutsa da su a teku. Kowane mai ba da tallafi ya yi alƙawarin wani adadi a kan kowane mil da muka ci, saboda haka tun kafin mu kwance igiya na san amana ce muka ɗauka, kuma bai kamata mutanen da ke kan tudu su dogara da bakinmu kaɗai ba. Abin da ya sa ke nan na sayi na'urar bin sawu mai aiki da tauraron ɗan Adam.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Tana gane inda take ta hanyar GPS, sannan ta aika da bayanin ta taurarin ɗan Adam na kamfanin Iridium guda 66 da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 780 daga ƙasa, don haka ba ruwanta da layin wayar salula, wanda kan ɗauke da zarar an yi nisa da gaɓa ko an shiga bayan wani tsauni. Na saita ta ta riƙa aika wurin da muke duk bayan minti 10, kowane saƙo kuma ya fito a matsayin ɗigo a kan taswirar da muka raba wa masu tallafi. A wannan fanni ba ni da abin cewa sai yabo, domin mutanen da ba su taɓa taka jirgi ba sun riƙa bin mu safe da yamma, wasu ma sai da suka ga ɗigon yana motsi sannan suka sa hannu a gidauniyar.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne lissafin mil, tunda a kansa kuɗin jama'a ya rataya. Jirgi mai filafilai ba ya iya fuskantar iska kai tsaye. Idan daga gaba take busowa, sai an karkata da kimanin digiri 45, a yi dama a yi hagu, har tafiyar ta kusan ninka miƙaƙƙiyar hanya sau ɗaya da rabi. A mashigin ruwa mai ƙunci mukan juya akala duk bayan minti 3 ko 4, ita kuwa na'urar ba ta san da wannan ba, sai ta haɗa ɗigo da ɗigo da miƙaƙƙen layi, ta zubar da duk kwanar da muka sha a tsakani. Ga kuma cikowa da janyewar teku, waɗanda a yawancin gaɓoɓi ke juyawa kusan duk bayan awa 6. Akwai ranar da ma'aunin gudu na jirgin ya nuna muna keta ruwa da mil 4 a awa, alhali ruwan da ke gudu yana mayar da mu baya, har abin da muke ci a zahiri bai wuce mil 2 ba. A ƙarshe muka amince cewa lissafin na'urar za mu miƙa, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta, domin shi ne kowa zai iya dubawa da kansa. Ana iya rage tazarar aika saƙon don lissafin ya ƙara daidaita, amma hakan yana cin batir, yana kuma ƙara kuɗin rajistar da ake biyan kamfanin na'urar duk wata.

Abin da ya ɓata mini rai ƙwarai shi ne taswirar ta zo a saite da mil na tudu, wanda yake mita 1,609, maimakon mil na teku mai mita 1,852 da muka yi alƙawari a kansa. Bambancin ya kai kashi 15 cikin 100, kuma da ba mu lura ba da mun karɓi fiye da haƙƙinmu daga hannun mutanen da suka yarda da mu. Wurin sauya wannan saiti yana can cikin manhajar, sai da na sha lalube kafin na same shi, abin da bai dace da kayan da ake tallata wa matuƙa jiragen ruwa ba.

Ta jure ruwa yadda aka rubuta a jikinta, wato nutsewa zurfin mita 1 na minti 30, sai dai gishiri kan taru a bakin caji idan ba a ɗauraye ta da ruwan daɗi ba. Batirin ya riƙe kwanaki.

Wani dare, da igiyar ruwa ta yi ƙarfi, na cire ta daga waje na jefa cikin akwatin kayan aiki don kada ta faɗa teku, ban tuna cewa tana bukatar sararin sama a buɗe ba. Ɗigon ya tsaya cik na sa'o'i, mu muna lafiya ƙalau, amma iyalanmu suka kwana ba su runtsa ba. Har yanzu abin yana damuna, kuma ina roƙon duk wanda zai yi irin wannan tafiya ya bayyana wa mutanen gida tun farko cewa tsayawar ɗigo ba ita ce shaidar hatsari ba, ya kuma naɗa mutum ɗaya a tudu wanda ya san lokacin da ya kamata a sanar da masu gadin gaɓa.

Akwai maɓallin neman agaji a jikinta, wanda Allah bai sa mun taɓa ba. Duk da haka ba zan yarda ta maye gurbin rediyon VHF ba, wato rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi, domin saƙonta yana fara zuwa wata cibiya mai nisa kafin a juyo da shi ga masu ceto, alhali kiran gaggawa na Mayday a tasha ta 16 ta rediyon yana shiga kunnen duk jirgin da ke kusa nan take, kuma sau da yawa jirgin da ke kusa shi ne ke fara isowa. Hasashen yanayin da take kawowa a rubuce ya yi mana amfani: da ya nuna iska za ta kai mataki na 6 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, wato iska mai ƙarfi, sai muka zauna a tashar jiragen ruwa kwana biyu, na kuma aika wa masu tallafi gajeren saƙo ta cikinta don su san dalilin da ya sa ɗigon bai motsa ba.

Bayan mun sauka na sauke bayanan tafiyar gaba ɗaya na miƙa wa ƙungiyar tare da kuɗin. Dakatar da rajistar wata-wata ya ɗauke ni saƙonni da dama kafin kamfanin ya amsa, don haka a karanta sharuɗɗan da kyau kafin a biya. A tafiya ta gaba zan sake ɗaukarta, amma zan ɗaure ta da igiya a waje inda take ganin sama, in kuma rage tazarar saƙon zuwa minti 5 a duk ranar da iska ta fuskance mu.