Malama, tambayarki ta biyu ta fi yi wa yara adalci

Malama, na duba tambayoyin canki-canka guda biyu da kika turo a kan darasin yadda tsiro ke haɗa abincinsa, inda kika nemi mu faɗa miki wadda ta fi dacewa a sa wa yara a jarrabawa. Ni dai ta biyu na zaɓa, nesa ba kusa ba, sai dai ita ma tana da 'yan gyare-gyare. Bari in kawo su duka saboda waɗanda ba su gani ba.

Ta farko cewa ta yi: “Wanne daga cikin waɗannan ba ya cikin abubuwan da tsiro ba zai iya haɗa abincinsa ba idan babu su?” Zaɓin su ne ruwa, hasken rana, ƙasa, sai “babu ko ɗaya a cikinsu”.

Ta biyu kuma: “An dasa ƙaramar bishiya a tukunya. Bayan shekara biyar ta yi nauyi sosai, ƙasar tukunyar kuwa kusan ba ta ragu ba. Daga ina mafi yawan busasshen itacenta ya samo asali?” Zaɓin: ruwa, hasken rana, jikin tukunyar, sai “iskar kabon-dayokzayid da ganye ke ɗauka”.

Ki karanta ta farkon da babbar murya, za ki ji inda harshenki ke sarƙewa. Korewa uku ce a jimla ɗaya: “ba ya”, “ba zai iya ba”, “babu”. Ni kaina sai da na maimaita ta kafin na gane me ake nema. Yanzu ki hango yarinyar da ta san sarai cewa tsiro na iya girma a cikin ruwa ba tare da ƙasa ba, amma karatunta na tafiya a hankali, ko harshen da ake jarrabawar da shi ba shi take yi a gida ba. Ta sa yatsa tana bin layin, ta kai ƙarshe ta manta farko, lokaci na tafiya, sai ta zagaye “ruwa” don ta ga an ambaci abin da tsiro ke buƙata. Ta rasa maki, mu kuma mu rubuta cewa ba ta fahimci darasi ba, alhali jimlar ce ta kayar da ita. Wannan shi ke damuna a irin waɗannan tambayoyi. Shi kuma “babu ko ɗaya a cikinsu”, ko da a ce shi ne amsar, yaron da ya zaɓe shi bai nuna mana ya san amsar gaskiya ba.

Ta biyu tana da wuya ita ma, wataƙila ma ta fi, amma wuyarta a cikin kimiyyar take. Jimlolin gajeru ne, an ba da labari, an yi tambaya ɗaya a fili. Abin da ya fi burge ni shi ne zaɓin kuskurenta biyu, domin tunani ne da yara ke yi da gaske. Wanda ya ce hasken rana ya ɗauki kuzari a matsayin abu mai nauyi. Wanda ya ce ruwa kuwa ya bi sawun babban masani ne: Jan Baptist van Helmont ya yi wannan gwajin da kansa, aka buga sakamakon a 1648. Bishiyarsa ta ƙara kusan kilo 74 cikin shekara biyar, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba, sai ya yanke hukuncin cewa daga ruwa nauyin ya fito. Kin ga idan rabin ajinki suka zaɓi ruwa, kin san ainihin inda za ki koma a darasi na gaba. A tambaya ta farko, ko duk ajin sun faɗi, ba za ki san me suka kasa ganewa ba. Kuma kalmar “busasshen” da kika sa ta yi daidai, kada ki cire ta, don ɗanyen itace cike yake da ruwa, yaro mai kaifin basira zai iya yi miki gardama ya yi nasara.

Sai gyaran. Amsar daidai ta fi sauran tsawo, ita kaɗai ce kuma ke ɗauke da kalmar littafi. Yaron da ya goge da jarrabawa zai cafke ta ko bai shiga aji ba. Ki mayar da ita “iska” kawai, ta yi kai ɗaya da 'yan'uwanta.

“Jikin tukunyar” kuma cike gurbi ne, ba wanda zai taɓa shi. In ba ki samu kuskure na gaske da za ki sa a madadinsa ba, ki bar tambayar da zaɓi uku. Wani masanin harkar jarrabawa, Michael Rodriguez, ya tattara binciken shekara 80 a kan wannan batu a 2005, ya gano cewa zaɓi uku sun wadatar a mafi yawan jarrabawa. Na san za a ce hakan na sauƙaƙa wa mai canke. A lissafi, mai canka da ka a tambaya 40 zai dace da 10 idan zaɓin huɗu ne, wajen 13 idan uku ne. To amma zaɓi na huɗun da kowa ke tsallakewa dama bai hana kowa canke ba, lokacin karatu kawai yake ci, kuma mai karatu a hankali shi ke biyan wannan lokacin. Da mintunan da aka rage sai ki ƙara tambayoyi.

A wajen bugawa, ki jera zaɓin a tsaye, kowanne a layinsa, da rubutu mai girma. Idan za ki sa zane, kada ya zama launi kaɗai ke bambanta abubuwa, domin akwai yaran da ba sa rarrabe ja da kore, galibi maza, da yawansu ma ba su san suna da matsalar ba. Ki tuna da wanda za a karanta wa takarda saboda raunin gani: gajerun zaɓi na zama masa a kai, jimla irin ta tambayar farko kuwa ba za ta zauna ba.

Bayan kin yi maki, ki ware takardun waɗanda suka fi ƙoƙari da na waɗanda suka zo ƙasa, kamar kashi 27 cikin 100 daga kowane ɓangare, ki ƙirga me kowane rukuni ya zaɓa a wannan tambaya. Idan na saman sun fi na ƙasan faɗuwa, ki sake duba rubutun tambayar kafin ki zargi yara. Don Allah ki turo mana adadin waɗanda suka zaɓi ruwa da waɗanda suka zaɓi hasken rana, ina so in ga wanne ya fi jan su.