Taragan California Zephyr na kamfanin Kato: ƙaramin jirgin da aka ƙera domin ya yi tafiya

Daga cikin ƙananan samfuran jiragen ƙasa na fasinja da masu sha'awa ke tarawa, kaɗan ne suka kai jerin taragai 11 na California Zephyr da kamfanin Kato na Japan ya ƙera a ma'aunin N, wato an rage girman ainihin jirgin sau 160, yana gudu a kan dogo mai faɗin milimita 9. Jirgin na asali ya fara aiki a shekarar 1949 tsakanin Chicago da Oakland a Amurka, kamfanonin Burlington da Rio Grande da Western Pacific suna gudanar da shi tare har zuwa 1970, kuma kamfanin Budd ne ya ƙera taragansa da ƙarfen da ba ya tsatsa, kowane tarago sunansa yana farawa da "Silver".

Abin da ido zai fara kamawa shi ne jikin taragan. Budd ya yi musu tudu da kwari a tsawon jiki kamar kwanon rufi, kuma fitar da wannan a kan robar da tsawonta bai wuce santimita 16 da ɗoriya ba aiki ne mai wuya, domin idan layukan suka yi kauri sai taragon ya koma abin wasan yara, idan kuma suka yi siriri da yawa sai fenti ya cinye su. Kato ya sami tsaka-tsakin da ya dace. Ɗakunan kallo masu rufin gilashi da ke saman taragai 5 sun fito sarai, ana hango kujerun ciki, sannan taragon ƙarshe mai zagayayyen baya yana ɗauke da fitilarsa da allon sunan jirgin.

Amma a ganina babban abin yabo yana ƙasa, wajen ƙafafu. Ƙafafun na ƙarfe ne, kan sandunansu masu tsini suna juyawa a cikin ƙananan ramukan ƙarfe, abin da ke rage gogayya har inji ya iya jan jerin da tsawonsa ya kusa mita 2 ba tare da wahala ba, kuma ta nan ne wutar lantarki ke hawowa daga dogo zuwa cikin tarago. Domin samun wannan ƙarko, kamfanin ya zuba yawancin kayan ƙarƙashin taragon tare da gangar jikin maimakon a manna su ɗaya bayan ɗaya. Masu neman ganin kowane bututu a ware za su ce an taƙaita, ni kuwa ina ganin zaɓin daidai ne, tunda a wannan ƙanƙanta abin da aka manna shi ne ke fara karyewa a hannu.

Ya kamata mai saye ya sani cewa injin jan taragan daban ake sayensa, haka ma fitilun cikin taragai, kuma saka wa dukkansu fitila zai ƙara kuɗi sosai. Haka nan dogayen taragai irin waɗannan, ko da za su wuce matsattsiyar kwana, ba sa kyan gani a kanta, saboda haka wanda teburinsa ƙarami ne gara ya fara tanadar dogo mai faɗin kwana, kamar wanda tazararsa daga tsakiyar da'irar kwanar ta kai milimita 315 ko fiye, kafin ya yi odar jerin.