RM ko EDF: wanne zan ɗora wa na'urata?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka kafa wa ayyukan na'urarka fifiko na dindindin, ko ka bar tsarin ya riƙa sauya shi da kansa. Zaɓin naka tsakanin RM (Rate Monotonic) ne da EDF (Earliest Deadline First), hanyoyi biyu na tsara aikin da firosesa zai fara yi, waɗanda masana kwamfuta Liu da Layland suka yi nazarinsu tun 1973.

A RM, aikin da ya fi saurin dawowa shi ke gaba, kuma matsayinsa ba ya motsi. A EDF kuwa, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake ba firosesa.

Mu ɗauka kana da ayyuka biyu: karanta zafi, milisakan 2 a duk 5, da sarrafa mota, milisakan 4 a duk 7. Nauyin ya kai kashi 97 cikin 100 na lokacin firosesa. A RM, na zafi zai ci 0 zuwa 2, na mota ya yi 3, sai a daidai 5 na zafi ya dawo ya ƙwace firosesa har 7. Wa'adin mota ya cika da saura milisakan 1. A EDF, da aka kai 5 wa'adin mota na nan a 7, na zafi sai 10, don haka mota ta ci gaba ta gama a 6. Kowa ya samu.

Tabbacin RM na cewa kowane aiki zai cika wa'adinsa ya tsaya ne a nauyin kashi 82.8 ga ayyuka biyu, yana sauka zuwa wajen 69 idan sun yi yawa. EDF na kaiwa 100.

Sai dai matsalar EDF tana fitowa ranar da nauyi ya wuce kima. Aikin da ya makara shi zai ci gaba da zama gaba, ya ja na bayansa su ma su makara, har ka kasa sanin wanda zai faɗi. A RM na ƙasa a fifiko ke fara faɗuwa, na sama yana tsaye. Shi ya sa SCHED_DEADLINE, tsarin EDF da ya shigo Linux 3.14 a 2014, ke yanka wa kowane aiki kason lokacinsa, idan ya cinye a dakatar da shi sai zagaye na gaba.

Idan ayyukanka sanannu ne a kan FreeRTOS, manhajar tafiyar da ƙananan na'urori, ni RM zan zaɓa, in jera lokutan su riƙa ninka juna, kamar 5, 10, 20, domin a haka shi ma yana kaiwa 100. Idan suna shigowa suna fita, ɗauki EDF mai kaso. Kuma lokacin aiki mafi tsawo za ka auna, ba matsakaici ba.