Ɗinke umarnin SQL da hannu ko bar masa gurbi: amsa kan rajistar ɗalibai

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa manhajar rajistar da kake rubuta wa wata makaranta a Tudun Wada take cijewa duk lokacin da aka shigar da suna irin Asma'u ko Mu'azu, kuma ko goge hamza daga sunayen zai wadatar. Ba zai wadatar ba, kuma abin ya dame ni, domin wannan kuskuren shi ne alamar farko ta cewa ƙofar rumbun bayananka a buɗe take.

Hanyar da kake bi ita ce ɗinke abin da aka rubuta a fom cikin umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi:

"SELECT * FROM dalibai WHERE suna = '" . $suna . "'"

A nan rumbun ba shi da yadda zai rabe umarninka da rubutun baƙo. Da yake alamar ' ce ke buɗe suna ta kuma rufe shi a umarnin, hamzar Asma'u takan rufe sunan kafin ya ƙare, sai ragowar ta zama umarni marar ma'ana. Wanda kuwa ya rubuta ' OR '1'='1 da gangan ya sa sharaɗin ya tabbata a kan kowane layi, sai a zubo masa sunayen dukan yaran tare da lambobin wayar iyayensu. Tun a 1998 aka bayyana wannan dabara, da ake kira SQL injection, a mujallar masu kutsen kwamfuta mai suna Phrack, amma da ita aka kwashe bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk da ke Birtaniya a 2015, har aka ci shi tarar fam 400,000.

Hanya ta biyu tana barin gurbi, wato alamar ? a wurin sunan:

$st = $pdo->prepare("SELECT * FROM dalibai WHERE suna = ?");
$st->execute([$suna]);

Siffar umarnin ta riga ta tsaya kafin sunan ya iso, don haka duk abin da aka zuba a gurbin suna ne kawai, da hamza ko babu. Asma'u za ta shiga rajista da sunanta yadda iyayenta suka raɗa mata.

Wasu kan tsaya a tsakiya da mysqli_real_escape_string, wanda ke hana alamomi irin su hamza rufe suna, sai dai ba ya kare lambar da aka liƙa ba tare da alamar zance ba: 5 OR 1=1 zai wuce salin-alin. Shi ma gurbin yana da iyaka, domin ba ya karɓar sunan tebur ko na ginshiƙi. Idan mai amfani ne ke zaɓar abin da zai biyo bayan ORDER BY, wato ginshiƙin da za a jera sakamako bisa shi, ka tanadi jerin sunayen da ka amince da su, ka ƙi duk wanda ba ya ciki.

Kafin ka miƙa aikin, ka bi fayilolinka ka nemo kowane SELECT, INSERT, UPDATE da DELETE da aka manna wa abu mai farawa da $, irin $suna, a cikinsa, ka fara da shafin shiga na malamai.